Na Durƙusa a Gaban Masu Intabiyu

Daren Talata, Bulpiela

Na kwanta na tashi sau uku, barci ya ƙi zuwa. Yau na je intabiyun kujerar shugaban makarantarmu, wadda nake riƙe da ita tun da hedimasta ya kwanta ciwo bara.

Ina shiga ofis sai ga Alhaji Yakubu, kawun mijina, cikin masu tambaya. Kafin in yi tunani, gwiwoyina sun kai ƙasa. Haka aka koya mana gaida babba.

Mutumin da ke kusa da shi ya yi dariya, ya ce, "Madam, malamai maza sun fi yawa a can. Haka za ki riƙa durƙusa musu?"

Na amsa duk tambayoyinsu.

Bayan magariba Alhaji ya kira mijina, ina ji. Wai ina da tarbiyya, amma kujera a bar wa Malam Isa, abokin aikina, ni gida na jirana.

Isa! Ni fa na koya masa cike rajista.

Da ban durƙusa ba, da yanzu ana shari'ata a gidan surukai. To, yaya ake so in shiga ofishin nan?