Alu Na Ƙona Shara a Bayan Ɗakin Tsohuwata

Hajiya Mubarika, don Allah ki taimake ni, zargi ya hana ni sakewa. Gidan haya nake a Mamobi tare da mahaifiyata, wadda shanyewar jiki ta kwantar. Ɗakinmu na katako ne, can ƙuryar gida. Alu, ɗan mai gidan, shi ke share tsakar gida, ya tara ganyen mangwaro da ledoji ya cinna musu wuta a bayan ɗakinmu. Ga fili kusa da famfo, ga masu aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku, suna yawon kwasar shara kullum, me ya sa sai bayan ɗakinmu? Kuma na ji ƙishin-ƙishin aure zai yi, ɗaki yake nema.

Ran Juma'a ya kunna ya tafi masallaci. Iska ta taso, wuta ta lashi katakon, na buga wa 'yan kwana-kwana waya. Kafin su ratso lungunmu mata sun kashe ta da bokitai. Yanzu ni ce abin faɗa, wai na jawo wa gida hukuma a kan ɗan hayaƙi. Ko gaisuwata ba a amsawa. Shi kuwa Alu har murmushi yake min, ni murmushin nan ban yarda da shi ba. Da gangan yake yi, ko ni ce na cika zargi? Idan ta sake kamawa, in kira?

'Yar haya, Mamobi

Ƙanwata, zuciyar Alu ba ni da mabuɗinta, ke ma haka. Wataƙila ɗakin yake so. Wataƙila kuma lalaci ne kawai, nan ne ba ya tare wa kowa hanya. Kada ki tuhume shi da abin da ba ki da shaida a kai. Amma wanda ya kunna wuta jikin katako ya tafi salla ya yi ganganci, ko mene ne nufinsa.

Ki ɗauki dattijo ɗaya ku je wurin mai gidan, ki yi maganar wuta kaɗai, ki bar zancen aure. A ba masu aboboya sharar. In ta kama dole a ƙona, to ganye zalla, ban da leda da gwangwanin feshin sauro, nesa da katako da tukunyar gas, ba cikin iska ba, da ruwa a gefe, kuma mai kunnawa ya tsaya har toka ta huce.

Kiran da kika yi daidai ne. Da zarar wuta ta taɓa bango ko rufi, ki buga 112 ko 192, ki tura wani bakin titi ya nuna musu lungu, ki sa a fitar da tsohuwa kafin a nemi bokiti. Masu fushi da ke duk suna da ƙafar gudu, ita ba ta da ita. Ki kira, ko za su shekara ba su amsa gaisuwarki ba.

Allah ya ba Mama lafiya, ya tsare ku.