Fitilar da Yaya Ya Aiko

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Bayan haka, fitila mai cajin da ka aiko wa Baba ta iso. Ya ɗaure ta a gora a goshin kwalekwale, haskenta na dukan ruwa. Kifi kuwa sai ka ce kiransa ake yi, ya taru a ƙarƙashinta, Baba ya sa koma ya kwashe. In ba daren farin wata ba ne, ba ya kwana a gida. Maƙwabta sun gani, kowa ya sayi tasa. Inna dai tana nan da tsohuwar fitilarta mai ƙwai, tana rataye ta a bishiyar bakin ruwa don ya gane hanyar gida, kamar yadda ta saba tun ba a haife mu ba. A gaida Anti.

Ƙanwarka.

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na yi farin ciki da wannan labari. Sai dai ki gaya wa Baba ya daina ƙura wa fitilar ido, mai shagon ya ce tana da ƙarfi. Shekaru kuma sun ja, in da hali ya bar fita shi kaɗai. Ki gaida su Inna da kyau.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Saƙonka na isar wa Baba, ya ce a tambaye ka ko ka taɓa riƙe filafilin tuƙa kwalekwale. To ga abin da ya faru daren Talata. Ya cika kwalekwale, ya kashe fitila zai juyo gida, idonsa ya ɗauke don ya daɗe yana kallon haske. Ya hango wani ɗan haske can, ya ɗauka na Inna ne, ya bi. Ashe fitilar wani masunci ce da cajinta ya yi ƙasa, masuncin kuma tsakiyar ruwa ya nufa. Baba ya yi ta binsa har asuba. Da hantsi yaran da shi ya koya wa kamun kifi suka jawo shi da igiya, gari duk a tsaye a gaɓa. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tausayinsa. Ya ce gobe ma zai fita, Inna ta ce sai dai ya bi ta kanta. Kai ka aiko da fitila, sai ka zo ka raba gardama.

Ƙanwarka.

Yaya,

Gaisuwa. Ba sai ka zo ba. Baba ya kife kwalekwalen a bayan gida da kansa. Yanzu da magariba yakan zauna a gaɓa yana nuna fitilun da ke kan ruwa, yana cewa waccan ta wane ce, waccan ta wane. Duk ba daidai ba ne. Ba wanda ke gyara masa.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka.