Jirgi na Bakwai

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Bana shekara hamsin da ɗaya ke nan da ruwan Cadi ya janye ya bar jiragen Doron Malle bisa busasshiyar laka. Da wannan shekara nake auna komai: aurena da A'i, zuwana Faransa, haƙorin da na fara rasawa. Garin babu shi yanzu. Mutanensa wasu na Ngigmi, wasu Damagaram, mu kuma ga mu a Rillieux, hawa na tara.

Yau Zakiyya ta zo, sakatariyar ƙungiyar 'yan Doro. A nan Lyon take aikin asibiti. Wai suna son su tsara asalin kowa cikin ordinata, wato kwamfuta, a buga bisa babbar takarda, kowane gida ya samu. Bishiyar asali, in ji ta. Na ce mu ba bishiya gare mu ba, jirage gare mu. Jirgi goma sha biyu. A kira mai jirgin, a kira wanda ke riƙe gorar tuƙi a baya, a kira masu jefa taru, sannan 'ya'yansu da jikoki. Haka na karɓa daga bakin kawuna, haka zan bayar.

Ta ce, "To Baba Mamadu, kai ka ƙirga, ni in juya."

Laraba, 9 ga Oktoba

Jirgi uku muka yi. Tana da hannu, ba laifi. Sau biyu na gyara mata.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Mun iso jirgi na bakwai, na Yakubu Mai Taru. Na kira Yakubu, na kira kaina tunda ni ke riƙe gora, sai na buga sanda ƙasa sau ɗaya na wuce ga Maimouna.

Zakiyya ta ɗaga kai. Na gaya mata: wanda ruwa ya ci bai maido gawarsa ba, ba a kiran sunansa. Sanda ake bugawa a wurinsa. In ruwa ya ji sunan, yakan tuna gidan, ya dawo neman wani.

Ta juyo mini da ordinatar. Ga akwatin Yakubu a sama, ga na Maimouna a ƙasa, tsakaninsu akwati fanko ya yi ja.

"Baba, na'ura ba ta jin bugun sanda."

Na ce to ta koya.

A'i daga madafa ta ce wai kogin da ke ƙarƙashin unguwarmu ko sannu bai sani ba da Hausa, balle ya riƙe sunan mutum. Ita 'yar tudu ce.

Asabar, 19 ga Oktoba

Paris. Taron ƙungiya a wani zaure a Belleville, bayan shagon ɗinki. Mutum kamar sittin. An kafa tsofaffin hotuna a bango, har da na kasuwar banda. Yara na ta Faransanci, sai da na fara ƙirga suka yi shiru. Na kai jirgi sha biyu ban yi tuntuɓe ba. Sau huɗu na buga sanda.

Bayan an ci abinci wata mata ta zo ta durƙusa. Ban gane ta ba sai da ta yi dariya, wushiryar nan. Maimouna. Tana da ɗan shagon atamfa a Barbès. Tana cikin uwarta aka rasa ubanta, uwar ta tafi da ita Damagaram, kuma mace ba ta kiran sunan mijinta, har ta rasu ba ta faɗa ba. A takardu sunan mijin da uwar ta aura daga baya ne.

Muka gaisa har ƙarshe. Sannan ta ce 'yarta Raihana na da tsohon ciki, likita ya duba ya ce namiji ne.

"Baba, sunan babana nake so a sa masa. Ba a bisa takardar bango ba, ba gaban jama'a ba. Ni kaɗai ka gaya wa."

Na ce ki sa masa Yakubu, kakanki ne, mutumin kirki ne.

"Yakubu ya samu masu sunansa har biyar. Shi fa?"

Na ce ba ni na kafa abin ba.

Ta ce, "Shekara hamsin da biyu ina 'yar bugun sanda." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta tashi ta kawo mini shayi.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na dawo. Ƙafa ta kumbura, zaman jirgin ƙasa.

Ranar nan da ruwa ya ci uban Maimouna, tsofaffi sun ce kada a fita, iska ta juyo daga gabas. Ni na ce a fita. Shi dariya ya yi ya ce in Mamadu ya ƙi tsoro shi wa. Gora na hannuna. Kwana uku muna neman… shi ke nan dai.

Ba sunan a baki kaɗai ba, a ɗora wa jariri, a yi ta kiransa safe da yamma a bakin kogin Paris. In wani abu ya same shi, wa za a ce?

Juma'a, 25 ga Oktoba

Bayan salla na tsayar da liman, ba don ina shakka ba. Ya ce babu inda addini ya hana kiran sunan mamaci, hasali ma addu'a ta fi kyau da suna. Ya ce ajali ba ya jiran a kira shi. Ɗan Tawa ne. Ruwan da ya sani na buta ne.

Litinin, 28 ga Oktoba

Maimouna ta kira salula sau biyu. Na bar salular ta yi ta kuka bisa tebur.

Laraba, 30 ga Oktoba

Labari biyu yau.

Da hantsi aka kira daga Ngigmi, Malam Kalilu ya rasu. Allah Ya jiƙansa. Shi ne mai gora a jirgi na tara, kuma shi kaɗai ya rage bayan ni da ya san sunayen huɗun nan. Dama can nakan ce a raina, in ni na ƙi, ai Kalilu na nan.

Da la'asar Zakiyya ta kira, Raihana ta sauka lafiya, namiji. Na ce Allah Ya raya, akwai sati guda kafin suna. Ta ce a'a Baba, nan ƙasar kwana biyar suke ba mutum ya kai suna ofishin magajin gari, in an rubuta an rubuta. Litinin ce ranar ƙarshe. Ta ce ba ta ce komai ba, labari kawai ta ba ni. Na ce na ji ba ki ce komai ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

A'i ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. Tuwo ya zo babu man shanu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Kullum bayan asuba nakan bi jiragen a zuci, kamar yadda wani ke bin tazbaha. Yau a jirgi na huɗu na tsaya. Mai jefa taru na biyu, dogo, mai tabo a gira, ina ganin fuskarsa, sunan ya ƙi zuwa. Na koma farko na sake biyowa, wurin dai na tsaya. Ban buga sanda ba, ai shi a gadonsa ya mutu.

Da rana na kira Zakiyya kamar ina gwada ta, na ce karanto mini jirgi na huɗu in ji ko kin rubuta daidai. Ta karanto. Ga shi nan, tun ranar Lahadin can na ba ta da bakina. Na ce daidai ne, kin yi ƙoƙari.

Waɗanda na ba ta suna nan. Huɗun da ban ba ta ba, a nan kawai suke, cikin kan da ya fara yoyo.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Bayan azahar na sauka da bas zuwa bakin kogin, na zauna a benci. Masu kare na wucewa. Na daɗe. Na faɗa a hankali sau ɗaya, bakina ya ji baƙon abu. Ruwan ya ci gaba da tafiyarsa. Ban ce wannan hujja ce ba.

Ilya. Ilya ɗan Yakubu Mai Taru. Bahago ne, kuma bai iya waƙa ba amma ba ya bari.

A ƙirga ba zan canza komai ba. In aka taru, sanda zan buga a jirgi na bakwai kamar yadda aka ba ni. Wannan maganar daban ce, tsakanina da 'yar mutum. Sauran ukun kuma, su ma suna da jikoki, amma wannan sai na yi tunani.

A'i da ta ji zan koma Paris, ta ce ga salula, kira Maimouna mana ka huta da ƙafar nan. Na ce irin wannan ba a faɗinsa ta waya, a kunne ake raɗawa. Ta dube ni, ta je ta fito da babbar rigata ta hau guga. Ta ce in tsaya Barbès in sayo mata daddawa tunda na zama ɗan Paris.

Gobe in Allah Ya kai mu, da na idar da asuba zan kama jirgin ƙasa na farko. Zakiyya ta ce ofishin sai ƙarfe biyar yake rufewa. Zan fara zuwa wurin Maimouna, in ga yaron, in duba wane hannu yake fara ɗagawa.