Hotunan da Kika Ɗauka a Hanyar Doguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Yau kwana arba'in da biyu da muka kai ki makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma abin da na gani jiya da hantsi ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Inna, ashe haka kike? 

Ni ne ɗanki na fari, kin kuma riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Wancan" kike ce mini, in ranar kina cikin nishaɗi ki ce "yayan su Hadiza". In na durƙusa gaishe ki, sai ki kau da kai ki amsa wa bango. Ƙannena kuwa su hau gadonki, su ci a kwanonki, ina jiyo dariyarku daga zaure. Kowa ya ce mini al'ada ce, na ce na sani. Amma yau zan faɗa miki gaskiya, abin ya ci mini rai. Na daɗe da yanke wa kaina cewa ba kunya ba ce, ba ki dai damu da ni ba.

Kin tuna tafiyarmu ta bara da kaka? Kika ce kina son ganin Tiga, inda ruwan dam ya cinye garinku tun kina budurwa, daga nan mu zarce Doguwa wajen Kawu. Ko wannan ma ba ni kika gaya wa ba, Hadiza kika aiko.

Saboda tafiyar na sayi 'yar baƙar kyamarar nan, irin sababbin da ba su da madubi a ciki, shi ya sa ba ta da nauyi, tana shiga aljihun kaftani. Ƙatuwar da nake da ita a da, mai dogon baki, in na ɗaga ta kowa sai ya sandare kamar za a yi hoton katin zaɓe, ke kuwa ki ja mayafi ki shige ɗaki. Wannan ba ta firgita kowa. Ba ta ƙara in an danna. Kuma ba sai an kai ta ido ba, akwai ɗan gilashi a bayanta da ake ɗagawa, tana kan cinyar mutum yana ganin komai.

A Ƙafin Maiyaki na tsaya sayen gasasshiyar masara, na miƙa kyamarar baya na ce a riƙe mini. Daga nan kusan kullum a kan cinyarki nake ganinta, gefen mayafi ya rufe rabinta. Na ɗauka ajiya kike yi mini. Har na ji haushi, na ce a raina kayana sun samu wurin zama, ni ko kallo ban samu ba.

A bakin ruwan Tiga kin daɗe a tsaye. Kika nuna tsakiyar ruwan da haɓa kika ce, "Ga gidanmu can, kifi ya gaje mu." Na karɓi kyamarar na ɗauki ruwan da kwale-kwalen masunta, na mayar miki.

Da muka dawo aiki ya taso, sai ciwonki ya biyo baya, kyamarar tana cikin durowa ban ko buɗe ta ba. Jiya Hadiza ta kira ni tana kuka, ta ce in duba ko akwai hotonki na tafiyar nan, ko guda ɗaya ne. Na ciro memorin kyamarar, ma'ajiyar hotunan, na sa a kwamfuta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne, Inna. Ni ne a ciki, hoto bayan hoto.

Ga ni tsugune gaban mai masara ina zaɓe. Ga ƙeyata ina tuƙi. Ga tabon bayan kunnena, wanda na samu ranar da na faɗo daga mangwaron gidan kakata a garin Ƙofa, an jawo shi kusa har ana ganin ɗinkin. Ranar da abin ya faru ko sannu ba ki ce mini ba. Ga ni ina alwala a bakin dam. Ga ni a gindin bishiya a gidan Kawu, na ci tuwo na yi barci baki buɗe. Haba Inna, ko wannan ba ki raga mini ba?

Na farkon duk a karkace suke, wani an yanke mini rabin kai. Na ƙarshen sun miƙe tsaf. Na ƙirga, talatin da ɗaya.

Na kira matata Bilkisu na nuna mata, don ita ce ta zauna kusa da ke a mota. Tana gani ta fashe da kuka. Ta ce ina fita wajen mai masara kika tambaye ta inda ake dannawa da yadda ake jawo abu na nesa, kika kuma haɗa ta da Allah kada ta gaya mini. Ta ce a Doguwa ta same ki a ɗaki kina bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, kika tsaya a kan wani, kika ce, "Ashe har ya yi furfura."

Inna, wannan maganar ta karya ni. Kunya ta yi kunya, amma har a ce sai da 'yar na'ura ta shiga tsakaninmu kika samu damar ƙare wa fuskata kallo?

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Ranar da jikinki ya tsananta a asibiti, kin kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Na jira, ban ji an ce ko "wancan" ba. Na yi zuciya na fita na zauna a benci. Hadiza ta leƙo sau biyu ta ce in shigo, na ce ai ba a neme ni ba. Ina kan bencin nan aka fito aka ce kin cika.

Na sake bin memorin tun daga farko har ƙarshe, sau uku. Hotunan da na ɗauka da hannuna suna nan, ruwa, duwatsu, shanu a dajin Falgore, Kawu da iyalinsa. Naki babu ko ɗaya. Kwana uku muna mota ɗaya, ban juya na ɗauke ki ba. Har yanzu ban kira Hadiza ba, don ban san da wane baki zan gaya mata ba.

Ki yafe mini, Inna. Ina ƙaunarki, ban kuma taɓa furta miki ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ni kuma Allah Ya yafe mini zaman bencin nan. Amin.

Wassalam,
Ɗanki, Sani.