Kujerar Hagu a Motar Babanka

Gangare, Jos
Ƙarshen watan Zulƙida

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka, da aiki, da zafin Ikko.

Mu nan ga yadda muke. Ƙanwarka Binta lafiya lau, tana zuwa makaranta. Jaririn yayarka ya yi tari, ya warke. Inna Tabawa ƙafarta ta tashi tunda sanyi ya fara shigowa, muna gasa mata. Ragon layya yana cin dusa kamar ya san abin da ke jiransa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da barci da ya guje ni. Babanka kuwa, in ka tambaye shi zai ce maka ya fi kowa lafiya a unguwar nan. A kansa nake rubuto maka.

Za ka ga rubutun a karkace, ka yi haƙuri. Ka san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau alƙalami ya fi muciya yi mini nauyi. Da na sa Binta ta rubuta da tuni an gama. Amma maganar nan ba ta kunnen Binta ba ce, ba kuma ta mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ba. Tsakanina da kai ce.

Abba, babanka ya sayi mota.

Kada ka yi murna tukuna. Ka tuna Baba Gyang, abokin aikinsa na kamfanin kuza, makaniken nan da ya koma Vom bayan ya bar aiki? Ranar Asabar ta makon jiya babanka ya ce in shirya mu je mu duba matar Gyang, wai ba ta jin daɗi. Na daka yaji, na ƙulla daddawa, muka hau motar haya. Muna isa na tarar da matar a tsakar gida tana sussukar acca, ta fi ni ƙarfi. Ta dube ni da tausayi, ta nuna mini bayan gida da haɓa.

A can na same su su biyu, babanka da Gyang, tsofaffi, sun zagaye wata aba a gindin bishiya. Jar mota ce, ko in ce ta taɓa zama ja. Kaji sun daɗe suna ƙwai a kujerar baya. Wai ta wani saurayin Bature ce da ya yi aiki a kamfanin. Shi ya cire mata injinta ya sa na wata babbar mota, ya datse salansa, yana tsere da ita ranar Lahadi a hanyar Barikin Ladi. Babanka a lokacin yana jan babbar motar kamfani, sai dai ta wuce shi ya bi ta da ido. Da kuza ta ja baya Turawa suka tafi, aka bar wa Gyang ita. Ashe duk shekarun nan tana ran babanka, ni ban sani ba. Ban tambayi nawa ya biya ba, kuma kai ma kada ka tambaya. Ba kuɗin ne ya hana ni barci ba.

Gyang da kansa ya ce a bari ya ƙara dubata, ko a samo babbar mota ta jawo ta zuwa Jos. Babanka ya ce mota mai ƙafa huɗu ba a goya ta. Aka kira maƙwabta suka tura ta zuwa gangara. Da ta tashi, wallahi na ɗauka aradu ce ta faɗo. Kaji suka watse, awaki suka tsinke igiya, matar Gyang ta toshe kunnuwa tana kiran sunan Allah da yarensu. Babanka kuwa yana dariya har ana ganin giɓinsa. Rabon da in ga wannan dariyar tun ranar sunanka.

Ƙofar gefena da waya aka ɗaure ta bayan na shiga. A ƙarƙashin ƙafata akwai rami, ina kallon titi yana gudu ta ciki, dole na ɗora ƙafafuna a kan ƙullin accar da aka ba ni. Hayaƙi yana shigowa ta ramin. Zafin inji yana gasa mini ƙauri. In zan yi magana sai na yi ihu kamar mai tallan gyaɗa a tasha.

Ga abin da nake so ka gane sosai. Motar nan tun ta kafin a canza hannu ce, sitiyarinta a dama yake. Yanzu da ake bin hannun dama, direba shi ke gefen ciyawa, wanda ke kujerar hagu shi ke tsakiyar titi. Wato ni. Duk motar da ta taho daga Jos, a kafaɗata take wucewa. In muka tarar da babbar mota a gaba, babanka ba ya hango abin da ke tahowa, sai ya ce in leƙa in gaya masa ko da hanya. Ni da ban taɓa riƙe ko keke ba, ni ce mai cewa a wuce ko a dakata. Sau biyu kuma hannunsa ya koma tsohon sabo, ya ja mu hagu, sai da na daki cinyarsa ya dawo.

Wannan duka da na haƙura. Tsohuwar mota ce, tsohon direba ne.

Mun kusa Bukuru sai ya ce, bari a ga ko karatun nan na yaƙi da jahilci ya zauna, karanta mini allon can. Ka san yadda ya riƙa tsokanata lokacin da nake zuwa aji, yana kirana Malama Aa Baa. Sai na gyara zama, na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, na ce Bukuru. Ya ce madalla. Har na ji daɗi, Abba, ba zan ɓoye maka ba. Muka ƙara gaba ya ce wancan fa. Na karanta. Ya sake cewa wancan fa. Na karanta. Ina ta fara'a kamar yarinyar da ta ci jarrabawa.

Sai muka zo wani allo na gidan mai, baƙaƙensa kowanne ya kai tsawon hannuna. Ya ce wannan fa me ya ce. Na juya na dube shi. Ya matse idanu, ya miƙa wuya har haɓarsa tana taɓa sitiyari. Mutumin da ya iya boko tun ban san alif ba. A nan na gane. Ba jarraba ni yake yi ba. Ba ya gani ne.

Ban gama haɗiye wannan ba muka iso wajen Daɗin Kowa. Wani Bafulatani yana tsallakar da shanunsa, farare tas, sun cika titi, rana tsaka. Tun daga nesa nake ganinsu. Ina jira ya sassauta, bai sassauta ba. Na ce Malam, shanu. Ƙarar inji ta cinye maganar. Na kama hannun rigarsa na kurma ihu. Ya taka birki, birkin ya tafi ƙasa babu komai, sai da ya yi ta bugawa da ƙafa kafin ya kama. Muka tsaya ƙahon wata saniya yana gogar ƙofata. Ina jin numfashinta a kumatuna. Bafulatanin bai ko zage mu ba, ya tsaya kawai yana kallon babanka, ya girgiza kai ya kora dabbobinsa.

Babanka ya fita ya buɗe bonet, ya ce lagireto na son ruwa. Ya daɗe a tsaye a bayan murfin nan. A zaune a wurin abubuwa suka riƙa dawo mini. Shayin da yake zubawa a gefen kofi ya ce butar ce ta lalace. Alƙur'aninsa da ya daina buɗewa, ya ce ya fi son karatu da ka. Yadda ba ya amsa gaisuwa da suna sai mutum ya yi magana. Ina gida ɗaya da shi, ina ganin duk wannan, ban haɗa ba. Haushin kaina ya fi haushinsa.

Da kunya ta sake shi, sai motar ta ƙi tashi. Ga hadari ya haɗo, irin ruwan nan na bankwana. Wasu ma'aikata da ke jiran motar haya suka taimaka suka tura, ɗaya yana cewa oga, wannan ai gidan tarihi za ka kai ta. Ruwa ya sauko, rufin yana yoyo daidai kaina. Abin share gilashi ba ya aiki. Daga nan har cikin gari kaina a waje yake, ina cewa dama, hagu, ga mai keke, ga rami. Haka uwarka ta shigo Jos, ɗankwali a jiƙe, tana ihu ta taga kamar kwandasta.

Da muka iso Gangare, lungunmu ya ƙi cin motar. Tana nan a bakin lungu, gaban shagon Isiyaku tela. Unguwa ta fito kallo, ana Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare. Isiyaku ya raɗa mata suna Tsawa, sunan ya bi ta. Babanka ya raba goro, yana ba da labarin yadda ya kawo ta daga Vom ba ko tangarɗa. Shanu ba su shiga labarin ba.

Da muka keɓe na yi masa maganar ido a hankali, yadda ba zai ji ciwo ba. Ya ce shekarunsa nawa yana jan mota a ramukan kuza, ko kaza bai taɓa takawa ba. Na ce a je asibiti a duba. Ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido. Na sa Liman ya taɓa masa maganar, ya ce wa Liman mata ba su san mota ba. Gyang ya aiko a gaya masa kada ya yi nisa da ita, ya ce Gyang tsoro ya hana shi zama direba.

Yanzu ga inda maganar take. Ya rantse a Keffi zai yi Babbar Sallah, wurin yayarsa, kuma a cikin Tsawa zai je, rago a kujerar baya. Ya sa ranar tashi, jajibirin Sallah. Abba, ka san hanyar. Ka san Hawan Kibo, ka san manyan motoci nawa muka gani a kwance a ƙasan kwarin nan lokacin da muke zuwa da kai kana yaro. Da birkin da sai an roƙe shi, da idon da bai ga garken shanu da rana ba.

Na ce masa ba za ni ba, ko zai fasa. Ya ce to, ya tafi shi kaɗai. Can kuma ya sassauta murya ya ce, “Ai ga ki, Asabe. Ke ce idona. Kin ga yadda muka iso lafiya.” Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa neman shawarata ko a kan kalar fentin ƙofa ba. Sai yau, a kan abin da zai kashe mu, ya ga amfanina. Na rasa ko kuka zan yi ko in jefe shi da ludayi.

Kullum da safe yana bakin lungu da wani makanike, hannu dumu-dumu da baƙin mai. Yana shafa ƙarfe da yatsa yana gane kowane ƙusa, a nan ba ya bukatar ido. Abin takaici, gyaran yana ci. Da sai an tura, shekaranjiya ta tashi da kanta. Ban taɓa roƙon Allah ya lalata abin wani ba, amma yanzu in na ji tana tari ta mutu, sai in ce alhamdu lillahi a zuci.

Kai kaɗai ka rage mini. Sunan mahaifinsa gare ka, bai taɓa iya musa maka ba, ko kana ƙarami in ka ce a'a sai ya yi dariya ya ce tsoho ya hana. Ka rubuto masa. Kada ka ambaci ido, kada ka nuna na gaya maka komai, in ya ji an tona shi zai ƙara kafewa. Ka ce labarin motar ya iso maka, kana murna, kuma kana roƙon kada ta taka hanyar Keffi sai ka zo, kai za ka ja shi yana gefe yana koya maka. In ka samu hutu ka zo da kanka, ya fi. Daga nan sai ka san dabarar da za ka kai shi asibitin ido a Kano. Ni ba na so a raba shi da motar. Na ga dariyarsa a Vom. A bar masa ita ya yi ta shafawa a bakin lungu har iyakar ransa. Hanya kawai nake so a raba shi da ita.

Na ba Sule direban dankali takardar nan, ya ce zai sa ta a hannunka. Zai juyo kafin Sallah, ka ba shi amsa, kada ka bi ta gidan waya. Ina so ta iso kafin jajibiri, ɗana, ko layi biyu ne.

In kuwa ba ta iso ba, gara ka sani tun yanzu. Ba zan tsaya a bakin lungu ina kallo ya tafi shi kaɗai ba. Zan ɗaura ɗankwalina, in shiga kujerar hagu, a ɗaure ƙofar da waya.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya yi maka albarka, ya sa ka gama da mu lafiya. Allah ya haskaka idon babanka, ya sassauta masa zuciya. Ka gaida matarka. Hannuna ya gaji.

Ni ce mahaifiyarka,
Asabe