Gwaggo ta ce kada Habu ya taɓa ruwa

Laraba da dare, Magariya

Hutun nan bai zama hutu ba. Tun da aka ji an ba ni aikin horar da sabbin kuratan sojan jiragen ruwa a kogi, gidanmu ya koma kasuwa.

Yau Gwaggo Hajara ce ta sauko daga kabu-kabu tun daga Sassumbrum, da zabuwa a hammata. Ɗanta Habu yana cikin waɗanda zan horar. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ɗana, ka rantse mini ba za ka sa ƙanenka cikin kogi ba. Ko tabki ban taɓa barin shi ya shiga ba."

Na ce, "Haba Gwaggo, sojan ruwa ne fa!"

Ta ce to ya zauna cikin jirgin, ai shi ya sa aka yi jirgi.

Na san tun da wan Habu ya nutse a tabki wata damina take wannan tsoro, kuma ban ga laifinta ba. Amma kwale-kwale yana kifewa, kuma kogi ba ya tambayar ɗan wane ne.

Na ƙi rantsewa. Ta tafi ba sallama, ta bar mini zabuwar ɗaure a turmi, ga ta can ta hana ni barci.

Gwaggo ta yi ta fushinta. Habu zan fara turawa cikin ruwa, ni kuma ina bayansa.