Hashiyar Kakanmu a Bishiyar Yaya Yulan

Linxia, 9 ga Jimada Sani

Zuwa ga Injiniya Tuo Yulan, a birnin Hangzhou.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta manya, ina fata kina lafiya, da maigidanki, da aiki. Allah ya sa haka, amin.

Mai rubuto miki shi ne Farfesa Min Zhengde, Shugaban Babbar Majalisar Kula da Tsofaffin Takardu ta Gaɓar Kogin Daxia. Idan ba ki taɓa jin sunan majalisar ba kada ki damu, ba kowa ake gaya wa ba.

Na duba 'yar manhajar nan da kika ƙera kika saka wa duniya kyauta, kuma wallahi ta burge ni. Mutum ya yi rubutunsa tsura, ya ɗiga 'yan alamu nan da can, ita kuma ta karanta ta tsayar da bishiya: littafi ne gindi, sai rassa su fito, wannan take, wannan sakin layi, wannan jeri, wannan maganar da aka ɗauko daga wani, har a kai ga ganye, wato tsurar kalmomi. Na ƙirga irin rassan da kika yarda da su, bakwai ne. Madalla. Amma bishiyar taki ta kunyata wani bawan Allah a gaban liman, shi ya sa na ajiye manyan ayyukana na rubuto.

Wani saurayi ne ya zo ofishina, kyakkyawa, mai natsuwa, goshinsa na sheƙin ilimi. Ya ce sunansa Ersa, yana jan taliya a shagon kawunsa, kuma wai ƙaninki ne. Ban ga kama ba, ya fi ki fara'a a hoto, amma na karɓa. Ya zo da littafin fiƙihun marigayi kakanku, wanda takardunsa suka fara zuba kamar ɓawon albasa. Wata bakwai yana kwafe shi a waya, harafi harafi, tsakanin tukunya da tukunya, domin a buga a raba wa dangi ranar sha biyu ga Rajab, ranar da kakan naku zai cika shekara goma da rasuwa.

Kin san littattafan makarantar masallaci. Matani na Larabci yana tafe a layinsa, a ƙarƙashin kalma kuma ɗalibi ya rataya hashiya da ajaminmu, ƙanana kamar tururuwa. To bishiyarki ba ta san hashiya ba. Da yaron nan ya zuba mata littafin, sai ta kwashe duk ƙananan rubutun ta zura su cikin layin matani, ga haruffan iri ɗaya. Shi kuma don ɗoki bai duba ba, ya buga shafi ashirin ya ruga wurin Malam Shan, limamin unguwarku, bayan la'asar, dattawa na zaune.

Malam ya buɗe babin rijiya ya ɗaga murya. Matani ya ce idan kaza ta mutu a rijiya a ɗebe guga arba'in. Sai Malam ya zarce da murya ɗaya, bai ankara ba: da gugan rijiyar, gugan gidan Mu a huje yake a ɗebe tamanin, sun sayi sabo. Tsoho Mu kuwa, wanda gidan nasu ne aka ambata, yana zaune a wurin! Ya miƙe da sandarsa ya ce, "Wane malamin ne ya sa gugan ubana a cikin fiƙihu?" Dattawa suka yi ta dariya har wani ya ƙware da shayi. Malam Shan kam ko murmushi bai yi ba. Ya rufe takardun ya ce, "Ersa, maganar mai littafi da maganar ɗalibi ba sa hawa layi ɗaya. Idan ba a raba su ba, wannan abu ba zai shiga taron kakanka ba, kuma ba zan sa masa albarka ba."

Saboda haka majalisata tana umartarki, cikin ladabi, da ki ƙara reshe na takwas, ki sa masa suna hashiya. Saura kwana talatin da 'yan kai. Ga hoton shafin na haɗo.

Yaron ya ce da kansa zai roƙe ki, sai dai kin toshe lambarsa tun bara. Ban tambayi dalili ba, manya ba sa shiga rikicin yara.

Ki gaida maigidan da kyau. Wassalam.

Farfesa Min Zhengde, Shugaba.

Linxia, 20 ga Jimada Sani

Zuwa ga Injiniya Tuo Yulan.

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya sanyin garinku? Mu nan lafiya lau, sai ɗimbin tarurruka.

Amsarki ta iso! Da na gan ta na yi tsalle har na zubar da abin da ke hannuna, wato muhimman takardu. Kwana tara kika yi kafin ki amsa wa Farfesa guda, amma na yafe.

Kin ce ba a ƙara reshe don littafi ɗaya, wai in yi amfani da bayanin ƙasan shafi tunda akwai shi. Haba Injiniya. Bayanin ƙasan shafi ana kora shi can gindin takarda ne, a bar masa lamba ta yi gadinsa. Hashiya kuwa a jikin kalmarta take, idan aka raba su ta mutu. Sannan na duba yadda kika tsara shi, naki bayanin ba ya ɗaukar wani bayani a cikinsa. Sake duba hoton da na aiko, ki ƙara girmansa. Hannu uku ne a wurin. "Da gugan rijiyar" rubutun malamin kakanku ne, baƙar tawada, yana rataye a kalmar guga. Maganar hujajjen guga ta kakanku ce, kuma ba a matani ta rataya ba, a jikin maganar malaminsa take. "Sun sayi sabo" kuma, da jan alƙalami, karkatacce, wannan marigayi mahaifinku ne yana ɗan shekara sha uku, yana ba babansa amsa. Kin gani? Reshe ne a kan reshe a kan reshe. Mutum uku suna hira shekara sittin a gefen kalma ɗaya, duk sun riga mu gidan gaskiya, ke kuma kina so a jera su a ƙasan shafi kamar takalma a ƙofar masallaci.

Ga abin da majalisa take so. Hashiya ta zauna a cikin sakin layi, manne da kalmarta. Ta iya ɗaukar wata hashiyar a cikinta, ko sau nawa ne. Kuma a ba ta gurbin da za a rubuta hannun wa ce, don a san wa ya yi magana.

Damuwarki ta biyu na fahimce ta, kuma gaskiyarki ce. Kin ce mutane da yawa sun gina nasu kayan a kan rassa bakwai, idan suka ci karo da na takwas ba su san abin da za su yi da shi ba. To ki ce musu duk wanda bai san shi ba ya tsallake shi ɗungurungum, da shi da 'ya'yansa. Littafin da babu hashiya littafi ne. Wanda aka zuba hashiya a mataninsa shi ne ƙarya. Wannan ba daga ni ba ne, na tambayi Malam Shan, ya ce haka ne.

Sai batun ƙaninki. Kin rubuta cewa in yi hattara da shi, wai shaiɗani ne, wai ranar da dangin mijinki suka zo neman aure ya cika wa angon kofin shayinsa mai murfi da garin barkono ya mayar da murfin. Na kira shi na yi masa tambayoyi masu tsanani. Ya ce gwaji ne, yana so ya ga ko mutumin zai iya zama da ke. Ya ce angon ya shanye tas, hawaye na zuba, yana cewa shayin Linxia akwai ƙarfi, kuma tun ranar ya san yayarsa ta dace. Ni a ilimina ban ga laifi sosai a nan ba. Amma ya sunkuyar da kai ya ce bai san abin zai sa ki kuka a gaban surukai ba, kuma wannan ya dame shi fiye da yadda yake nunawa.

Kin kuma tambaya a wace jami'a na yi karatu. Da yawa ne, ba na son alfahari.

Saura kwana ashirin da biyu, mai buga littafi kuma yana son mako guda. Mahaifiyarku ta riga ta sayi garin soya gurasar mai ta ranar taro, haka yaron ya shaida mini.

Allah ya yi miki jagora. Wassalam.

Farfesa Min Zhengde.

Linxia, 3 ga Rajab

Zuwa ga Injiniya Tuo Yulan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu! Ina fata kina lafiya, ina fata kin huta, don na san kin sha aiki.

Ta yi! Wallahi ta yi! Jiya da hantsi sabuwar manhajar ta sauka, aka zuba mata littafin gaba ɗaya, shafi ɗari da goma sha huɗu. Da aka buɗe bishiyar sai ga sakin layi, a cikinsa ga kalmar guga, a ƙarƙashinta hashiya, a cikin hashiyar wata, a cikin wannan wata, kowace da sunan mai hannunta. Kuma abin da ba a roƙe ki ba kika ƙara, kowane hannu da launin tawadarsa. Jan nan na mahaifinku ya fito a takarda kamar jiya ya ajiye alƙalamin.

Aka kai wa Malam Shan bayan azahar. Ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a layin matani ya bi shi daga dama har ƙarshe, bai yi tuntuɓe da komai ba. Ya koma ya bi ƙananan, ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe tsakiya, ya buɗe ƙarshe, yana neman inda zai kama mu. Tsoho Mu ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Gugan namu yana nan?" Malam ya ce, "Yana nan, amma ya koma inda ya dace da shi." Tsoho Mu ya ce to a bar shi, ai gaskiya ne, a huje yake, shi ya sha ɗiban ruwa da shi. Sai Malam ya cire tabarau ya ce a kai wa mai bugawa.

Mahaifiyarku ba ta iya karatun ba, amma da aka nuna mata jan rubutun ta gane hannun mijinta. Ta riƙe takardar ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da man da ke kan wuta ya fara hayaƙi.

To, yanzu sai abin da ya hana ni cin abinci tun jiya.

Malam ya ce saura shafin ƙarshe. Kin san al'ada, wanda ya kwafi littafi yakan rufe da sunansa da sunan mahaifinsa, ya roƙi mai karatu addu'a. Kakanku ya yi, malaminsa ya yi. Sai Malam ya zaro wayarsa ya ce kin aiko masa da saƙo, wai duk wannan aiki shawarar wani Farfesa Min ce, lallai a sa sunansa a shafin, a kuma gayyato shi taro a ba shi kujerar sama. Ashe Mama ma kin gaya mata, har ta aika a ƙaro rago saboda babban baƙo, tana tambaya ko Farfesa yana cin mai kitse. Malam ya dube ni ta saman ido ya ce, "Ersa, kawo cikakken sunan mutumin da na mahaifinsa. Shafin nan mutane za su ɗaga hannu a kansa shekara da shekaru, ba a rubuta abin da ba shi ba."

Na yi wa liman ƙarya a kan azumin nafila, na yi masa a kan wanda ya ɗaure takalman ladan da juna, amma wannan ta ƙi fita.

Yaya Yulan, babu Farfesa. Babu majalisa, babu ofis. Adireshin imel ɗin nan a wayata na buɗe shi, a bayan shagon Kawu, ina zaune a kan buhun gari. Jami'ata ita ce tabarmar Malam Shan. Maganar rassa da ganye kuwa a bayanin manhajarki na koye ta, wata da watanni ina haɗa baƙi, ina tambayar masu cin taliya ma'anar kalmomin da suka fi ƙarfina. Da farko ba don littafin ba ne ma. A bayanin nan ne kaɗai nake jin muryarki tun da kika daina ɗaukar wayata.

Zuciyata tana ba ni cewa kin gane tun wasiƙar farko, kuma ragon nan da gangan kika sa aka saya don ki ga yadda zan yi. Idan haka ne kin rama, kin ma yi riba, don yau da safe na faɗa wa Mama gaskiya, ta bi ni da muciya har bakin titi. Idan kuma ba ki gane ba, ki yi haƙuri, ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama, amma don Allah kada ki sare reshen.

Na gaya wa Malam sunaye biyu ne za su hau shafin, uba ɗaya, naki a gaba. Ya ce sai da izininki, mai bugawa kuma yana jira zuwa jibi da azahar. Ki buɗe lambata ki ce mini e, ko da zagi za ki haɗa.

Ki gaida mijinki, ki ce masa ya zo ku ci ragon, ni zan zuba masa shayi a gaban idonki.

Wassalam. Wanda ya rubuta duka ukun, ƙaninki,

Tuo Ersa.